Daga Inna zuwa Sarauniyar Lugu: Mace a Wurin Bauta, Mace a Wurin Shawara





An ce in yi magana a kan alloli mata a tatsuniyoyin mutanen da, da adabi, da zane, da kuma sababbin aƙidun zamani. Na san akwai wanda tun daga jin sunan batun ya gyara zama, yana cewa a ransa: yau kuma ƴan boko sun zo da wata. To, hankalin kowa ya kwanta. Ni Musulmi ne ɗan Musulmi, ban zo kiran kowa zuwa ga bautar wani abu ba. Alƙur'ani mai girma da kansa ya ambaci sunayen Lata da Uzza da Manata a Suratun Najmi, yaranmu kuma suna hardace su a makarantar allo ba tare da imaninsu ya girgiza ba. Sanin abu daban, bauta masa daban. Ita ma kalmar "allahiya" ba a gona ko a kasuwa muka gaje ta ba; kakanninmu cewa suke yi iska, ko aljana, ko uwa. Zan yi amfani da ita ne kawai don mu fahimci juna.

Tambayar da na zo da ita ɗaya ce, kuma ta siyasa ce: shin al'ummar da ta ɗora mace a wurin bauta, tana ba mace wurin zama a zauren shawara? Za mu fara neman amsa a wajen wasu, sa'an nan mu dawo gida.

Abin da tsofaffin dauloli suka bari

A ƙasar da ake kira Iraƙi yau, mutanen Sumer sun bauta wa Inanna, wadda daga baya aka sani da Ishtar, allahiyar so da yaƙi. Kusan shekara 2300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wata ƴar sarki mai suna Enheduwanna, ɗiyar Sargon na Akkad, ta riƙe shugabancin ɗakin bauta a birnin Ur, kuma ita ake danganta wa waƙoƙin yabon Inanna da aka tono a rubuce a kan allunan yumɓu. Masana da yawa suna ɗaukar ta a matsayin marubuci na farko a duniya da aka san sunansa. Ku riƙe wannan, don za mu sake cin karo da irinsa: abin da ya tsirar da sunan Enheduwanna shi ne muƙamin da ta riƙe da kuma rubutun da ya biyo shi.

A Masar, Isis ce uwar sarauta, kuma an ci gaba da yi mata bauta a tsibirin Filaye har ƙarni na 6 bayan haihuwar Annabi Isa, lokacin da sarkin Rumawa Justiniyan ya sa aka rufe ɗakinta. Matan Masar sun fi na maƙwabtansu ƴanci: suna mallakar gona, suna cin gado, suna kai ƙara da kansu. Duk da haka, da Hatshepsut ta hau gadon Fir'auna kusan shekara 1470 kafin Annabi Isa, sai da masu sassaƙa suka yi mata gemun sarauta irin na maza a gumakanta, don mulki a idon jama'a kayan namiji ne.

Girka ta fi kowa ba da darasi. Birnin Atina, wanda aka koya mana a lakkwal cewa shi ne mahaifar dimokuraɗiyya, suna ɗaya gare shi da allahiya Atena. Tsakanin shekara ta 447 da ta 432 kafin Annabi Isa aka gina mata ɗakin Partenon, aka tsayar mata da gunki na zinariya da hauren giwa mai tsawon kusan mita 12. A ƙarƙashin wannan gunki, macen Atina ba ta jefa ƙuri'a, ba ta magana a majalisa, kuma tun daga haihuwa har mutuwa tana hannun waliyyi namiji. Adabinsu ma bai ɓoye ba. A wasan kwaikwayon da Eskil ya gabatar a shekara ta 458, an gurfanar da Orest saboda ya kashe uwarsa don ɗaukar fansar ubansa, kuma ƙuri'ar Atena ce ta wanke shi, hujjarta kuwa ita ce ba uwa ce ta haife ta ba, daga kan ubanta Zeyus ta fito. Allahiya mace ce ta yanke hukunci cewa jinin uba ya fi jinin uwa nauyi.

Larabawan jahiliyya suna da Lata a Ɗa'ifa, da Uzza a Nakhla, da Manata a kan hanyar Makka zuwa Madina. Suna yi musu yanka, suna rantsuwa da su. A cikin waɗannan mutane ne kuma ake samun mai bizne ɗiyarsa da rai, abin da Suratut Takwir ta yi tir da shi. Musulunci ya rushe gumakan nan uku wajen shekara ta 630, ya kuma yanka wa ɗiya rabonta na gado.

Kada mu ce wannan labarin mutanen da ne kawai. Faransa ta ba jamhuriyarta fuskar mace, Mariyan, ta sa ta a kan tambur da kuɗi, ta ajiye gunkinta a ofisoshin magadan gari. Mai zane Dalakurwa ya zana ƴanci a siffar mace riƙe da tuta tana jan maza a 1830. Mazan Faransa duka sun samu ƙuri'a a 1848. Matansu sai 1944. Sai a 1965 ne matar aure a can ta samu ikon buɗe asusu a banki ba da izinin miji ba. A Indiya miliyoyin mutane suna yi wa Durga da Lakshmi biki kowace shekara, amma sai da gwamnati ta kafa doka a 1994 ta hana duba jinsin ɗan tayi, saboda yawan zubar da cikin ƴaƴa mata. A ƙidayar 2011, cikin yaran da ba su wuce shekara 6 ba, ƴan mata ba su kai 920 ba a kan kowane maza 1,000.

Masu neman uwar da ta ɓata

A Turai da Amurka akwai masu ganin cewa maganin wannan ciwo shi ne a maido da allahiya. Tunanin ya samo tushe daga wani masani ɗan ƙasar Suwis, Bachofen, wanda ya rubuta a 1861 cewa ɗan Adam ya fara rayuwa ne a ƙarƙashin mulkin uwa. Ƙananan gumakan mata da aka tono, irin na Willendorf a Ostiriya, wanda aka samu a 1908, mai tsawon santimita 11 da shekaru kusan 30,000, sun ƙara wa zancen ƙarfi. Daga shekarun 1970, marubuta irin su Merlin Stone da Starhawk, da masaniyar tonon tarihi Marija Gimbutas, sun mai da shi tafarki mai mabiya, da bukukuwa, da littattafai, da kasuwa.

Ƙishin da ya kai su can ƙishi ne na gaskiya, don mata ne da suka gaji da jin cewa duk abin da ke da tsarki namiji ne. Amma hujjar tarihin ba ta da ƙafa. Gunkin mace mai faɗin ƙugu ba ya gaya mana wa ke raba hatsi a garin, ko wa ke yanke shari'a. Cynthia Eller, wadda ita ma mai kare haƙƙin mata ce, ta rubuta littafi guda a shekara ta 2000 tana nuna cewa wancan zamani na mulkin uwa fata ne aka mai da shi tarihi. Wanda zai tono birnin Atina bayan shekara 3,000, in gumaka kawai ya samu, zai rantse mata ne suka mulke shi.

Inna tana nan cikin bakinmu

Yanzu mu dawo gida. Mu da muka yi karatu da Faransanci mun san Atena da Benus tun muna lise, mun ci jarrabawa da sunayensu, amma da yawanmu sai a littattafan Turawa muka fara karanta labarin Inna: Tremearne a 1914, Greenberg a 1946, Jacqueline Monfouga-Nicolas a kan borin Maraɗi a 1972, Nicole Échard a kan Adar da Kurfai a 1989, Adeline Masquelier a kan Dogon Dutsi a 2001. Ƴan'uwanmu Zabarmawa da Sonrai ma haka, Jean Rouch ne ya rubuta wa duniya labarin Harakoy Dikko, uwar ruwan Isa.

A wajen Azna da Maguzawa, Inna ita ce Uwar Gona, mai albarkar hatsi da haihuwa. Ana kiranta Doguwa don tsoron ambaton sunanta kai tsaye. Ƴan bori suna rarrabe Doguwa Fara, ta gida, wadda suke siffantawa da Bafilatana mai son nono, da Doguwa Baƙa, ta daji, mai zama a manyan itatuwa, kowace da launin dabbar da ake yanka mata. Tana bayarwa, tana kuma karɓewa. Wanda ya taɓa dukiyar da aka ba ta tsaro, in ji masu wannan aƙida, sai ta shanye masa hannu ko ƙafa. Daga nan muka samu sunan cutar da likita da liman da ɗan jarida duk suke kira shan inna har gobe. Allurar rigakafi ce ta kori ƙwayar cutar ta daji daga Afirka, kamar yadda aka bayyana a watan Agusta na 2020, amma sunan ya zauna daram. Duk wanda ya ce Inna ba ta cikin tarihinsa, to ya saurari bakinsa.

Akwai wani bambanci babba tsakaninmu da Girka ko Masar. Bahaushe bai sassaƙa wa Inna gunkin dutse ba. Fasaharta tana cikin kirari, da kiɗan goge da garaya da ƙwarya, da rawa, da irin zanen da godiyarta take ɗaurawa in iska ta hau. Ma'ajiyar wannan adabi mutum ce mai rai, galibi tsohuwa. Ran da ta rasu ba a ɗauki muryarta ba, ko aka kore ta daga gari, ran nan wani kundi ya ƙone, kuma babu mai tono da zai same shi a ƙarƙashin ƙasa.

Sunan iska, muƙamin mace

Ga inda ƙasarmu take da abin da za ta koya wa duniya. A nan sunan bai tsaya a sama ba, ya sauko ya zama sarauta. A fadar Gobir akwai Inna, a fadar Katsinar Maraɗi akwai Iya: mace daga gidan sarauta, wadda ake naɗawa kamar yadda ake naɗa kowane babban basarake. Ita ce shugabar ƴan bori, ita ke kula da sha'anin mata, musamman zawarawa da mata masu zaman kansu, tana sasanta rigimarsu, tana karɓar haraji daga waɗanda ke ƙarƙashinta, tana da fadawanta, kuma tana da bakin magana a gaban sarki. Da Katsina da Alƙalawa suka faɗi a hannun masu jihadi a 1807 da 1808, gidajen sarautar da suka yo arewa suka kafa Maraɗi da Tsibiri sun taho da waɗannan muƙamai. Shi ya sa abin da ya dushe a wurare da yawa a kudu ya daɗe da rai a nan.

Ban ce zamanin nan aljanna ne ga mata ba. Inna ƴar sarauta ce, baiwa kuwa baiwa ce, talaka kuma talaka. Amma akwai ƙofa sananniya da mace za ta ƙwanƙwasa, kuma mace ce a bayan ƙofar.

Wanda ya fi kowa gane darajar wannan ƙofa shi ne gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta, kusa da Galmi, a 1754. Shehu ya yaƙi bori, ya kuma zargi malaman da ke barin matansu da ƴaƴansu cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ga matan karkara sun saba da bin shugaba mace. Sai ta kafa ƙungiyar Ƴan Taru, ta naɗa jajoji, wato mata dattijai masu zuwa ɗaukar karatu wurinta su koma ƙauyuka su koyar. Alamar da ta ba kowace jaji ita ce malfa da jan rawani, malfa kuwa kayan sarautar Innar Gobir ce. Ta kawar da aƙidar, ta riƙe muƙamin, ta cika shi da ilmi. Da hankalin Nana Asma'u muka gada, da ba mu tsaya muna gardama ba a kan ko mace za ta iya shugabanci.

Lugu: mace, sa'an nan tatsuniya

A Arewa, kusa da Dogon Dutsi, Sarauniyar Lugu ba allahiya ba ce. Mace ce mai riƙe da amanar ƙasa a wajen Azna, mai zama a keɓe, kuma bisa al'adar tarkama gawar wadda ta rasu ce ake ɗauka ta nuna magajiyarta. A watan Afirilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta bar gawarwaki da toka tun daga bakin kogi, ta iso Lugu, Sarauniya Mangu da mutanenta suka ƙi miƙa wuya, suka tare ta da kibau. An ƙone garin. Rundunar ta wuce ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, kuma a watan Yuli hafsoshin biyu suka mutu a hannun sojojinsu a yankin Tasawa, bayan kisan Kanar Klobb.

A takardun Faransawa, layuka kaɗan aka ba ta, a matsayin wata tsohuwar mayya. Abdullahi Mamani ne ya ɗauko ta a littafinsa na 1980 ya mai da ita jaruma matashiya, Med Hondo ya mai da littafin sinima a 1986, ya ci babbar kyautar Yennenga a Wagadugu a 1987. Sun yi aiki mai kyau, sun maido mana da suna da aka so a bizne. Tun daga nan sunan Sarauniya ya hau kan makarantu, da shaguna, da gidan rediyo da talabijin, kuma bayan juyin mulkin 2023 hukumomin soja sun ƙirƙiro lambar girma da sunanta. A gaban idonmu muka ƙera tamu Mariyan. Abin tambaya shi ne ko za mu yi da ita yadda Faransa ta yi da tata, ta girmama hoton kusan shekara 100 alhali masu hoton suna bakin ƙofa.

Lissafin da ba ya ƙarya

A 1991, lokacin da ake shirya Babban Taron Ƙasa, kwamitin share fage mai mutum 68 mace ɗaya tak ya ƙunsa. Jam'iyyu da ƙungiyoyin ƙwadago da na ɗalibai, waɗanda suka cika gari da kiran dimokuraɗiyya, su ne suka aiko da wakilan. Ran 13 ga Mayu dubban mata suka fito titunan Yamai suka nufi ofishin faraminista, kuma ba su watse ba sai da aka ƙara mata 5. Daga nan muka samu ranar matan Nijar. Ba roƙon iska ya buɗe wannan ƙofa ba, tafin ƙafa ne da rana.

A majalisar dokokin 1993, mata 5 ne cikin depite 83. A ta 1999 suka koma mace 1. Dokar kaso ta shekara ta 2000 ta wajabta kashi 10 cikin 100 a muƙaman zaɓe da kashi 25 a na naɗi, sai ga mata 14 cikin 113 a zaɓen 2004. An ɗaga kason zaɓe zuwa 15 a 2014, sa'an nan zuwa 25 a 2019, kuma majalisar da aka rusa a Yulin 2023 fiye da rubu'inta mata ne. Kundin dokar iyali kuwa, wanda aka yi ta kai ruwa rana a kansa, an jingine shi a 1994. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan da ke tsakanin shekara 20 da 24 an yi musu aure kafin su cika 18. Kun ga inda doka ta shiga lissafi ya motsa, inda aka bar shi ga kirari ya tsaya.

Akwai kuma wata fuskar da ba ma son kallo. In damina ta yi gardama, sau nawa aka ga an tasar wa mata marasa aure, an ce su suka hana ruwa? A watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA, wanda ake yi a Yamai, ta rikiɗe a Maraɗi ta zama farmaki a kan mashaya, da majami'u, da gidajen mata masu zaman kansu da na ƴan bori. Ku duba da kyau: mai cewa mace ta riƙe ruwan sama, ai ikon Doguwa ya ba ta, ko ya sani ko bai sani ba. Ya bar yi mata yanka, amma bai bar tsoronta ba, kuma a kan talakar mace yake huce tsoron.

Abin da nake roƙo

Roƙona uku ne. Na farko ga jami'o'inmu da gidajen rediyo: a ɗauki muryar tsofaffin da suka san kirarin Inna, da jerin sunayen Iyoyin Maraɗi da Innonin Gobir da Sarauniyoyin Lugu, a rubuta da Hausa, a ajiye. Wannan aikin tarihi ne, kuma bai kamata jikokinmu su je Faransa neman labarin kakanninsu ba.

Na biyu ga malamanmu na addini: ku ne magadan Nana Asma'u. Kuna da ikon yin wa'azi a kan aƙidar da kuke ganin ɓata ce, amma wa'azi da baki ake yi, kuma gidan tsohuwa ba fagen jihadi ba ne. In kun karɓe malfa daga kan Inna, to ku nuna mana kan macen da kuka ɗora wa.

Na uku ga masu mulki, na yau da na gobe, masu kaki da masu babbar riga: duk tsarin da za a shimfiɗa wa ƙasar nan, kada kason da mata suka samu da guminsu ya ragu ko da kujera ɗaya. Lambar girma mai sunan Sarauniya ba ta biyan kuɗin makarantar yarinya, ba ta kuma zama a majalisa.

Ku kuma ƴan'uwana mata, in an kira ku iyayen ƙasa a ranar 13 ga Mayu, ku amsa, don gaskiya ne. Sa'an nan ku tambayi mai kirarin kujera nawa, kuɗi nawa, kuma wace doka. Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole, amma ba su ce yabo ya isa ladan aiki ba.

 Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.